TARIHIN MAGABATA: Marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata Da Maganar Asusun Karatun 'Ya'yanmu

 

A wannan karo filinmu na tarihin magabata ya faɗo kan mutumin da kusan babu Bahaushen da bai san sunansa ba, amma kaɗan ne suka san yadda ya faro, wato marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata. Ba haka kawai muka zaɓo shi ba. Watanni ke nan ana ta kai-komo a tarukan ƙungiya a kan shawarar kafa asusun tallafin karatu da sunayen masu hannu da shuninmu da suka riga mu gidan gaskiya, domin yaranmu da ke gama sakandare a ƙananan garuruwa su sami abin ci gaba. Wasu sun ce wannan kwaikwayon 'yan boko ne, wasu kuma sun ce gara a ƙara wa masallaci bene. To mu dai 'yan kasuwa ne, ba mu iya doguwar gardama ba, sai muka ga bari mu ɗauko tarihin babban ɗan kasuwa, ɗan goro irinmu, kowa ya duba ya ga abin da zai tsinta a ciki.

An haife shi a garin Bebeji ta ƙasar Kano a cikin shekarar 1877, a zuriyar Agalawa. Su Agalawan nan, da Tokarawa, da Kambarin Barebari, su ne manyan fataken goro na wancan zamani. Asalin Agalawa daga wajen Azbin suka gangaro suka zauna a ƙasar Katsina da ta Kano, har suka saje suka zama Hausawa. Kun ga ke nan su ma a nasu lokacin baƙi ne a inda suke, kamar yadda muke a nan. Kakansa, Baba Talatin, shi ya taso da iyali daga ƙasar Katsina zuwa Madobi. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne, ya bar Madobi ya koma Bebeji, garin da ke kan hanyar fatake. Mahaifiyarsa kuwa, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai jarin kanta, ba ta dogara da aljihun miji ba.

Ya kamata mu ɗan tsaya a nan saboda yaranmu, waɗanda suka buɗe ido suka ga ana loda goro a tirela yau, jibi ya kwana a Kano. A zamanin Madugu Abdullahi, goron da ake ci a ƙasar Hausa daga dazukan Asante yake fitowa, ana sayensa a kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja. Ayari zai tashi da jakuna da 'yan alaro, ɗauke da turkuɗi da baƙi da kanwa da jemammun fatu, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu, ya bi ta Yandi kafin ya sauka Salaga. Madugu shi ne uban tafiya, jagaba yana gaba yana duba hanya da wurin yada zango, kowane gari kuma da fito ko gaisuwar da za a biya sarkinsa. Tafiya da dawowa kan ci watanni masu yawa, wani lokaci har ta kusa shekara. Ga 'yan fashi, ga ciwo, ga kuma shi kansa goron, wanda duk mun san halinsa: kaya ne mai rai, sai an riƙa kwance huhu ana tsince wanda sankara ta ci, ana sauya ganye, ana yayyafa ruwa. Ka yi sakaci mako guda, jarinka ya zama daushe. A cikin irin wannan gida aka haifi Alhassan.

Bai daɗe yana more inuwar uba ba. Yana ɗan shekara takwas ko kusa da haka Allah ya yi wa Madugu Abdullahi rasuwa. Aka raba gado, ita kuma Amarya ta kama hanya ta tafi Ankara, babban birnin Gana na yau, inda take da harkokinta. Ta bar yaran a hannun wata tsohuwar baiwa ta gidan mai suna Tata. Daga nan sunan ya samo asali, Ɗan Tata. Abin lura ne wannan, 'yan'uwa. Sunan da ya cika Afirka ta Yamma, wanda ke jikin kamfanoni da tituna da asibitoci, ba sunan madugu ba ne, sunan tsohuwar da ta riƙe maraya ne, wadda ba ta mallaki ko jaki ba. In ana maganar wanda ya cancanci a tuna da shi, to a riƙa tuna wannan.

A Bebeji aka sa shi makarantar allo, ya yi rayuwar almajirci kamar kowane yaro, yana karatu yana ɗan neman abin sa wa a baka. Ana ba da labarin cewa tun a lokacin Tata ta koya masa tari a asusu, abin da ya samu ya ci kaɗan ya jefa saura. Da ya kai kimanin shekara goma sha biyar sai ya bi ayarin Gwanja don ya ga mahaifiyarsa. Wanda bai san matan fatake ba zai zaci za ta rungume shi ta zaunar da shi a ɗaki yana cin daɗi. Ina! Sai ta kai shi wajen wani malami ya ci gaba da karatu, yana neman na kansa. Bayan wani lokaci ya komo gida Bebeji.

Komowarsa ta zo daidai da masifa. A shekarar 1893 Sarkin Kano Bello ya rasu, aka naɗa ɗansa Tukur, su kuma 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Ƙarofi a ƙarƙashin Yusufu suka ƙi mubaya'a suka fita Takai. Wannan shi ne Basasar Kano. Agalawa da yawa suna ɓangaren Tukur, kuma Yusufawa ne suka yi nasara, Alu ya hau gadon sarauta. Garuruwan da aka ɗauka na Tukurawa ne suka sha wuya, aka kwashe dukiya aka kame mutane. Alhassan da 'yan'uwansa biyu, Bala da Sidi, suna cikin waɗanda aka kama. Allah ya ƙaddara da sauran shan ruwansa a gaba, ya sami kansa, ya sake kama hanyar Gwanja.

To a nan ne basirar mutumin ta fara bayyana. Duniyar fatauci tana juyawa a lokacin. Salaga ta riga ta durƙushe sakamakon nata yaƙin basasar na 1892, Turawan Ingila sun mamaye Asante, a 1903 jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga tashar ruwa ta Sekondi, a wannan shekarar kuma Turawa suka ci Kano. Tsofaffin madugai da yawa suka ci gaba da bin tsohuwar hanya da jakunansu, don ita suka gada, ita suka sani. Shi kuwa Alhassan sai ya duba teku. Yana cikin na farko-farkon da suka riƙa sayen goro a Kumasi da Ankara, su loda shi a jirgin ruwa zuwa Ikko, daga nan a haura da shi Arewa. Abin da jaki ke yi a watanni, jirgi ya yi shi a kwanaki, goro ya isa da ɗanyensa, jari ya juya sau da yawa a shekara maimakon sau ɗaya. Daga wajen 1906 ya ƙara da sayar da duwatsun ado da tsakiya da yadin Turawa. Ya riƙa kai da kawo tsakanin Ikko da Ibadan da Kano, yana kafa abokan hulɗa a kowane zango.

Wannan hanya da su Alhassan suka taka ita ce silar zaman yawancinmu a nan. Da goro ya koma bi ta Ikko, sai Hausawa suka ƙaru a Agege da Ibadan da sauran garuruwan da ke bakin dogo. An keɓe unguwar Sabo ta Ibadan a 1916. Daga baya manoman Yarbawa na yankin Agege da Ota da Shagamu suka dasa irin goron Gwanja ya karɓe su, har ya zama ba sai an je Gwanja ba. Kakanninmu suka biyo goro, wasu suka biyo shanu, aka sami masu gida da dillalai da 'yan ɗauri, aka gina masallatai, aka yi aure aka haife mu. Saboda haka in mun ce tarihin Ɗantata ya shafe mu, ba cusa kai muke yi ba.

Bayan rasuwar mahaifiyarsa ya mai da hankalinsa kacokan kan Ikko da Kano, ya gina gida a Sarari ta yankin Koki a cikin birnin Kano, inda zuriyarsa take har yau. Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa sun yi lissafin auduga za su kwasa su kai masaƙun Ingila, sai manomin Kano ya yi nasa lissafin, ya ga gyaɗa ta fi kuɗi, in ma kasuwa ta ƙi ai ana iya cinta. Gyaɗa ta ɓarke. Amma Bature yana zaune a kantinsa a bayan gari, bai san ƙauye ba, bai san wa zai ba kuɗi ya dawo ba. Dole ya nemi waɗanda suka san mutane, wato fataken goro. A 1918 kamfanin Neja ya jawo Alhassan ya zama mai saya masa gyaɗa. Da ma akwai manya a gabansa irin su Umaru Sharubutu na Koki da Maikano Agogo, amma kafin 1922 ya sha gabansu duka, ya zama attajirin da ya fi kowa a Kano.

Yaya aka yi ya wuce su? Mu da muke cikin kasuwa ba za mu ce sa'a ce kawai ba, duk da arziki na Allah ne. Jarinsa na gaskiya mutane ne. Yana da yara a ƙauyuka da kasuwanni, ya ba wannan kuɗi, ya ba wancan sikeli da buhuna, su shiga lungu su sayo, a zo a yi lissafi. Wanda ya riƙe amana a ƙara masa, har ya tsaya da ƙafarsa ya zama mai gida shi ma. Irin tsarin da muka sani ne tsakanin mai gida da yaronsa a Sabo, sai dai nasa ya yi faɗin da babu wanda ya taɓa gani. Kuma ba ya wasa da lissafi. Labarin da ya shahara shi ne a 1929 raƙuma ashirin ne suka kai masa sulallan azurfa ajiya a reshen Kano na bankin Turawa na Afirka ta Yamma, wanda ya zama First Bank daga baya. A lokacin nan attajirai tukunya suke binnewa a ɗaka. A shekarar ce kuma kamfanin Neja ya narke a cikin U.A.C., Alhassan ya zama babban mai sayo musu kaya. Buhunan gyaɗa suka riƙa taruwa fiye da abin da taragon jirgi zai iya kwashewa, sai aka shiga jera su ana tayar da su sama kamar dutse. Dalar gyaɗar Kano ke nan da muke gani a tsofaffin hotuna, kuma da sunansa aka fi danganta ta.

Kada dai mu yi ta yabo mu manta da gaskiya. Kasuwar gyaɗa ba Bahaushe ne ya riƙe wuƙa da namanta ba. Kamfanonin Turawa su ke yanka farashi, daga baya hukumar sayen amfanin gona ta karɓa, kaso mafi tsoka ƙetare yake tafiya, shi kuwa manomin da ya yi noma ya yi roro ya yi ɓarza, shi ne na ƙarshe a wajen rabo. Ɗantata a tsakiya yake, ya ci riba mai yawa, amma shi ma shekaru da dama a ƙarƙashin lasin wasu yake saye. Sai a kakar 1953 zuwa 1954, saura kaɗan ya bar duniya, ya sami lasin sayar wa hukuma kai tsaye da sunan kansa. Mutumin da ya fi kowa kuɗi a ƙasar, sai da ya yi fiye da shekara talatin kafin a yarda ya tsaya ba tare da Bature a kansa ba. Mai hankali zai gane inda gizo ke saƙa: takarda da alƙalami suna hannun wasu.

Shi ma ya gane. Ga mutum ɗan makarantar allo, wanda bai zauna a benci ba, a zamanin da yawancin iyaye ke ɓoye 'ya'yansu in an zo ɗibar yara boko. Makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa an buɗe ta tun 1909, amma 'ya'yan sarakuna da na malamai aka fi kaiwa, talaka da ɗan kasuwa kuwa gudu suke. Alhassan bai gudu ba. Ɗansa Aminu ya yi firamaren Dala daga 1938 zuwa 1945, sa'an nan ya ƙarasa karatunsa a makarantar da mahaifin ya gina da kuɗinsa. Wato attajirin ya ciri dukiya ya kafa makaranta, ya ɗauki malamai, don kada 'ya'yansa su tashi suna dangwala yatsa a takardar da ba su san abin da ke cikinta ba. Bai kuma saki addini don wannan ba. Mutum ne mai riƙo da ɗariƙar Ƙadiriyya, ya sauke farali ta jirgin ruwa tun a shekarun 1920, lokacin da zuwa Makka sai namijin gaske, ya kuma biya wa wasu suka je. Waɗanda suka zauna da shi sun shaide shi da rashin almubazzaranci, ba ya son kashe kwabo a inda babu dalili, alhali wajen ciyar da mabukata, musamman da layya, hannunsa a buɗe yake.

Harkar mulki bai zurfafa ba. A wajen 1950, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, an sa shi a majalisar Sarkin Kano, kuma yana cikin attajiran da suka haɗa jari suka kafa kamfanin 'yan ƙasa na Kano, wanda ya buɗe masaƙa a farkon shekarun 1950.

A 1955 ciwo ya kwantar da shi. Da ya ji jiki ya yi nauyi sai ya tara 'ya'yansa da babban mai riƙe masa lissafi, ya yi musu wasiyya da su zauna tsintsiya maɗaurinki ɗaya, kada su bari kamfanin Alhassan Ɗantata da 'Ya'yansa ya wargaje a bayansa. Ya san abin da yake gudu, don ya gani da idonsa yana ɗan shekara takwas: madugu ya faɗi, an raba gado, gida ya watse, maraya ya koma hannun Tata. Mu ma nan sau nawa muka gani? Mai gida ya rasu, a cikin shekara biyu an sayar da rumfa, an sayar da mota, gidan baƙi ya zama na haya, jikoki suna tura baro a kasuwa. Allah ya karɓi ransa ranar Laraba 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari.

Wasiyyar ta kama. Ahmadu ya riƙe kamfanin har rasuwarsa a 1960, Aminu ya karɓa. Mahmudu ya kafa kamfanin jigilar alhazai wanda daga sunansa ne unguwar Wapa ta Fagge ta sami suna. Sanusi, wanda ya rasu a 1997, ya yi fice a kasuwanci da hidimar malamai, kuma 'yarsa Hajiya Mariya ita ce mahaifiyar Alhaji Aliko Ɗangote. Gyaɗar kanta ta tafi: fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta faɗa mata a 1975 da kuma zuwan kuɗin man fetur suka gama da dala, a 1986 gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona. Amma gidan bai tafi da gyaɗa ba, don an bar mutanen da suka iya karanta zamani su sauya sana'a. Alhaji Aminu, wanda Allah ya yi wa rasuwa ranar 28 ga Yuni, 2025, aka binne shi a Madina, yana cikin waɗanda suka assasa Gidauniyar Jihar Kano mai tallafa wa ilimi da ƙananan 'yan kasuwa, kuma shi ya gina sashen wankin ƙoda a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya sa masa sunan mahaifinsa. Duk marar lafiyar da aka ɗora a kan injin nan, sunan marayan Bebeji yake gani a bakin ƙofa.

To yanzu bari mu dawo gida. Kowane Sabo da kowane zango a ƙasar nan yana da nasa ƙananan Ɗantatan. Akwai mai gidan da ya sayi filin maƙabarta, akwai wanda ya yi shekaru yana biyan malaman Islamiyya daga aljihunsa ba wanda ya sani, akwai hajiyar da duk baƙon da ya sauka a tasha da dare ƙwaryar tuwonta yake ci. Sun tafi. Mun yi musu sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, an yanka shanu an ci an watse, yau in ka tambayi yaro ɗan shekara ashirin sunansu sai ya tsaya yana kallonka.

A gefe guda kuma ga halin da 'ya'yanmu ke ciki, kuma wannan shi ne abin da ke hana mu barci. Yaro an haife shi a nan, ubansa ma a nan aka haife shi, ya yi firamare ya yi sakandare, yana jin Yarbanci ko Ibo kamar ɗan gari, ya ci jarrabawar WAEC ko NECO, ya ci ta JAMB. Ya je neman tallafin karatu na jihar da yake zaune, a ce ya kawo takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, ba shi da ita, don a wurinsu baƙo ne. Ya ɗauki mota ya tafi garin kakansa a Arewa, a can ma a tambaye shi gidan wa ya fito, mai unguwa bai san shi ba, Hausarsa ma ana yi mata dariya. Ya zama jemage, ba ya cikin tsuntsaye ba ya cikin dabbobi. Na Ikko da Ibadan da sauƙi, akwai manya kusa, akwai wanda zai yi waya. Amma yaron ƙaramin gari, inda Hausawan duka ba su wuce layi biyu ba, wa zai kai wa kuka? Ƙarshenta sakamakon jarrabawa ya tsufa a ƙarƙashin katifa, namiji ya hau acaɓa, mace a yi mata aure ba don an shirya ba. Gaskiya ne tun 2024 gwamnatin tarayya ta fara ba ɗalibai rancen karatu marar ruwa, amma sai wanda ya riga ya sami shiga makarantar ake ba. Kuɗin fom, da na mota zuwa wurin tantancewa, da na karɓar gurbi, da katifa da bokiti na zangon farko, a nan ne yaranmu ke faɗuwa, kuma ba wasu kuɗi ne da suka fi ƙarfin jama'a ba.

Masu cewa sa sunan mamaci a kan asusu riya ce, muna girmama su, kuma malamanmu su ne masu yanke hukunci, mu almajirai ne. Sai dai abin da aka karantar da mu a Islamiyya shi ne aikin ɗan Adam yana yankewa da mutuwarsa in ban da sadaka mai gudana, da ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Yaron da aka biya wa karatu da sunan wane, ya zama likita ko malami ko lauyan da zai tsaya mana ranar da aka zo rushe kasuwa, a ganinmu ya haɗa ukun nan. Mamaci kuma ba ya riya, yana kabari. Sa'an nan mu faɗi gaskiyar da duk ɗan kasuwa ya sani game da halin mutane: in aka ce a kawo gudummawa asusun ƙungiya, kowa sai ya sunkuyar da kai yana duba waya. In aka ce wannan gurbi na marigayi Alhaji wane ne, 'ya'yansa ba za su yarda a ce gurbin ubansu ne ya mutu ba, ko bashi za su ci su cika. Masu son bene a masallaci kuma, ai ba a hana ba. Amma a duba sahu da azahar a ga ko ƙasan ma ya cika.

Abin da za mu roƙa, in an amince, shi ne a yi shi irin na Ɗantata, wato da littafi. Mun sha ganin an tara kuɗi a ranar ƙaddamarwa, an yi tafi, an ɗauki hoto, bayan shekara ba kuɗin ba bayani, zumunci ya lalace a kai. Kada kuɗin su kwana a aljihun mutum ɗaya ko da waliyyi ne. A buɗe musu ajiya a banki da sa hannun mutum uku daga garuruwa daban-daban, a karanta lissafi a bainar jama'a kowace shekara. Iyalin da ke da hali, maimakon tsabar kuɗi, su tsayar da shago ɗaya ko ɗaki biyu a matsayin waƙafi, hayar ta riƙa shiga asusun, uwar kuɗi tana nan ba a taɓa ta ba. A biya makaranta kai tsaye a karɓo rasit. Wajen zaɓen yara kuma a duba sakamako da halin gida, maraya a gaba, kada ɗan shugaba ya sha gaban ɗan mai ɗaurin goro don ubansa na zaune a kan tebur. 'Ya'ya mata su shiga daidai da maza. Wanda ke jin nauyin wannan ya tuna matarsa ce ke zuwa asibiti ta rasa macen da za ta duba ta da harshenta, ya kuma tuna Amarya da Tata.

Akwai kuma sharaɗi ɗaya da muke so a rubuta. Duk yaron da ya ci gurbin wani marigayi, a ba shi tarihin mutumin a takarda ko da shafi guda ne, ya san daga wane gari ya zo, wace sana'a ya yi, me ya yi wa jama'a. In ya zo hutu ya je ya gai da iyalin, ya kuma ba da 'yan kwanaki yana koyar da ƙannensa a Islamiyyar unguwa. In Allah ya buɗa masa bayan ya gama, shi ma ya ɗauki wani, yadda yaron mai gida ke zama mai gida.

Muna roƙon wakilan rassa, musamman na ƙananan garuruwa, kowa ya zauna da sarkin Hausawa da limamin garinsu, a rubuto sunayen magabatan da suka yi wa jama'a hidima, da sunayen yaran da suka gama sakandare suke zaune a gida tare da sakamakonsu, a miƙa wa sakataren ƙungiya kafin babban taro mai zuwa. Iyalan da ke da niyyar tsayar da gurbi da sunan mahaifinsu ko mahaifiyarsu su ma su sanar da wuri, don a san yawan yaran da za a iya ɗauka a karon farko.

Allah ya jiƙan Alhaji Alhassan Ɗantata, ya jiƙan Tata da ta rene shi, ya jiƙan iyayenmu da ke kwance a maƙabartun Kurmi nesa da garuruwansu, ya sa Aljanna ce makomarsu. Amin.